Ko Dole Ne Ka Sayi Mai Fowil? Abin Dubawa Kafin Ka Biya Kuɗin Motar Hannu

A wurin dilolin mota, ko a Kano ko Kaduna ko Abuja, za ka tarar da Highlander biyu ko RAV4 biyu a jere, shekara ɗaya, inji ɗaya, amma a ƙofar bayan ɗaya an manna AWD ko 4WD, wato mai jan taya huɗu. Dila zai buga mata tafi a bodi ya ce, "Alhaji, wannan fowil ce, ba inda ba za ta shiga ba," sannan ya ɗora kuɗi a kai. Ga wanda zirga-zirgarsa daga gida ce zuwa ofis, kasuwa, makarantar yara, sai tafiya garinsu a kan kwalta lokacin salla, amsar a taƙaice ita ce ba dole ba ne. Sau da yawa ma mai jan gaba kawai ta fi masa kwanciyar hankali. Akwai waɗanda hanyarsu ke neman mota mai jan taya huɗu da gaske, amma su ma sai sun san wace iri, domin ba kowace mai tambarin ce ke yin aikin da ake zato ba.

Motocin da ke kasuwarmu kashi huɗu ne. Akwai mai jan gaba, irin su Corolla, Camry, Accord, Golf da Peugeot 406, inda tayoyin gaba biyu ke jan motar. Akwai mai turin baya, irin su Hiace, yawancin Marsandi ƙanana, da tsohuwar Peugeot 504. Sai AWD, wadda ke raba ƙarfin inji ga tayoyi huɗu da kanta ba tare da direba ya taɓa komai ba. Wasu koyaushe huɗun ke aiki, kamar Subaru da RX300 da RAV4 ta 2001 zuwa 2005. Wasu kuma da gaba suke tafiya, sai tayar gaba ta fara sulɓi sannan su tura ƙarfi baya, kamar CR-V da RAV4 ta 2006 zuwa 2012. Kowane kamfani da sunan da ya raɗa wa nasa: 4MATIC a Marsandi, quattro a Audi, xDrive a BMW, 4Motion a Volkswagen, VTM-4 a Honda Pilot. Na huɗu shi ne fowil na ainihi, na Hilux da Prado da Land Cruiser, mai ƙaramar giya ta musamman da ake kira oksilari, wadda za ka ga an rubuta 4L ko L4 a kanta. Wannan giyar ce ke rage gudu ta ninka ƙarfin ja, ita ke fitar da mota daga rairayi mai zurfi ko ta haura dutse da kaya. RX350 ba ta da ita, Highlander ba ta da ita, CR-V ba ta da ita.

Dalilin da ya sa masu AWD suka cika kasuwa ba don an yi su saboda hanyoyinmu ba ne. A Kanada da arewacin Amurka ake sayensu da yawa saboda dusar ƙanƙara, inda kwalta ke yin santsi wata da watanni. A can ne kuma ake watsa gishiri a hanya don narkar da ƙanƙarar, gishirin kuma cin ƙarfe yake yi. Don haka duk 'yar Beljiyam mai AWD, ka ɗauka cewa akwai yiwuwar daga yankin gishiri ta fito, sai ka leƙa ƙasanta ka tabbatar.

Abin da mutane ke nema, tsayi ne

In ka tambayi mai neman fowil dalilinsa, zai ce layinsu babu kwalta, da damina ruwa na yanka rami, ko kuwa ƙasan motarsa na bugun tudun rage gudu. Duk wannan maganar tsayi ce daga ƙasa, ba maganar yawan tayoyin da ke ja ba. Corolla da Camry tsayinsu daga ƙasa bai wuce santimita 14 zuwa 15 ba. RAV4 ta 2006 zuwa 2012 na da kusan 19, Highlander ta 2008 ta ɗan haura 20. Kuma a waɗannan motoci, mai jan gaba da mai AWD tsayinsu kusan ɗaya ne. Wato Highlander mai jan gaba za ta tsallake ramin da 'yar'uwarta mai AWD za ta tsallake. Akasin haka ma gaskiya ne: Marsandi E-Class mai 4MATIC ko Matrix mai AWD, in cikinta ya zauna a kan tudun laka, tayoyin huɗu za su yi ta juyawa a banza.

Shekara da shekaru Peugeot 504 da ake haɗawa a Kaduna a da ta yi tana shiga ƙauyukan Arewa da fasinja da buhuna, tayoyin baya biyu kawai ke tura ta. Tsayi, ƙafafu masu jure duka, da direban da ya san inda zai ɗora taya, su suka yi aikin.

AWD kuma ba ya ƙara wa burki komai. Kowace mota tayoyi huɗu take taka burki da su, kuma abin da ke tsayar da ita a kan jiƙaƙƙiyar kwalta zanen taya ne. Ba ya hana inji shan ruwa in ka kutsa cikin ambaliya, domin wannan ya danganta ne da inda bakin shaƙar iskar inji yake.

Wanda yake buƙatarsa

Manomin da ke shiga gona a fadamun Haɗeja da Nguru a watan Agusta, ma'aikacin lafiya ko na aikin gona da ke zagaya ƙauyuka, mai hawa tsaunin Mambila zuwa Gembu ya kuma sauka hanyoyin cikin ƙauye bayan ruwa, mai bin rairayin Yusufari da Machina ko na wajen Gure da Ngigmi a Nijar, da mai ratsa baƙar ƙasar firgi ta wajen Dikwa da Marte wadda ke zama danƙo da zarar ta sha ruwa: waɗannan suna da hujja. Amma a raba su biyu. In matsalar ita ce 'yar laka mai santsi ta mita ɗari ko biyu, ko gangaren tsakuwa, ko yashi marar zurfi, RAV4 ko Pilot ko Subaru za ta wadatar. RAV4 ta 2006 zuwa 2012 na da maɓallin LOCK da ke tilasta ƙarfi ya je baya, yana sakin kansa in gudu ya haura kilomita 40 a awa. Na Pilot, VTM-4 LOCK, yana aiki a giya ta ɗaya da ta biyu da ribas, a gudun da bai wuce kilomita 30 ba. In kuwa tafiyar awa guda ce cikin rairayi, ko jan tirela, ko ɗaukar buhu ashirin daga gona, to Hilux ko Prado za ka nema. Kulocin da ke tura ƙarfi baya a ƙananan AWD zafi yake ɗauka in an matsa masa cikin yashi, kwamfutar motar sai ta kashe shi don kada ya ƙone, ka koma mai jan gaba a daidai inda ka fi buƙatar taimako.

A rairayi ma, rage iskar taya daga 32 ko 35 zuwa wajen 18 ko 20 a gejin mai faci ya fi yawan abin da mutane ke zato amfani. A kashe na'urar hana sulɓin taya in motar na da maɓallinta, a tafi a hankali ba tare da tsayawa ba, a mayar da iskar da zarar an hau kwalta.

Kuɗin da ke biyo baya

Man fetur shi ne na farko, ko da yake ba shi ne mafi girma ba. AWD na ƙara wa mota nauyin kilo 50 zuwa 100, ga ƙarin ƙarafa masu juyawa. A Highlander V6 ta 2008, bambancin ya kai kusan rabin lita a kowace kilomita 100. Mai yin kilomita 20,000 a shekara zai ƙara sayen lita ɗari da ɗoriya. Tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023, wannan ba kuɗin da za a kau da kai ba ne. A Sienna bambancin ya fi haka.

Taya ce babbar magana, kuma a nan ne yawancin AWD ke mutuwa a ƙasar nan. Al'adarmu ita ce in taya ɗaya ta fashe a je a sayo ɗaya 'yar Beljiyam, ko wane kamfani ne, in dai lambar ta yi kusa. A Corolla wannan ba zai kashe giya ba. A AWD zai iya. Ɗauki taya mai lamba 225/65R17, wadda ke ƙarƙashin RAV4 da CR-V da yawa. Sabuwa, mai zurfin zane milimita 8, tana juyawa kusan sau 440 a kilomita ɗaya. Wadda ta cinye ta koma milimita 3, sau 446 take juyawa. Bambancin sau 6 ne kacal a kilomita, amma daga Kano zuwa Kaduna ya zama juyi wajen 1,400. Na'urar da ke tsakanin gaba da baya ba ta san taya ce ta cinye ba, ita dai tana ganin wani ɓangare ya fi wani gudu, sai ta ɗauka sulɓi ne ta yi ta ƙoƙarin kamawa. Tana kamawa tana saki a kan busasshiyar kwalta, mai na zafi, kuloci na cinyewa, har wata rana ka fara jin gurnani daga baya. In lambobin tayoyin ma sun bambanta, misali 225/65 a gaba da 235/65 a baya, ɓarnar ta fi sauri.

Ƙa'idar ita ce tayoyi huɗu su zama lamba ɗaya, kamfani ɗaya, zane ɗaya, kuma bambancin zurfin zanensu kada ya wuce milimita 2 zuwa 3. Subaru ta fi kowa tsanani, kewayen tayoyinta bai kamata ya bambanta da fiye da milimita 6 ba. A riƙa sauya musu wuri, na gaba su koma baya, duk kilomita 8,000 zuwa 10,000. Wanda aljihunsa ba zai iya sayen taya huɗu a lokaci ɗaya ba, ko aƙalla biyu masu kusan zane da sauran, ya haƙura da AWD.

Masu neman Sienna don iyali ko haya su lura da wani abu: mai AWD ta 2004 zuwa 2020 ba ta zuwa da safaya. Wurin da ake rataye ta a ƙarƙashi farfela, bututun da ke kai ƙarfi ga tayoyin baya, ta bi ta nan, don haka kamfanin ya sa mata tayoyin da ke iya ɗan tafiya bayan sun sace. Kafin motar ta iso hannunka an riga an canza su da na gama-gari. Sai dai ka sayi safaya ka jefa a but, ta cinye wurin kaya ko kujerar baya.

Yadda za ka duba ta

Kada ka yarda da tambarin da ke bayan mota, ana sayar da shi a kasuwa. A Toyota da Lexus, buɗe ƙofar direba ka karanta takardar da ke manne a jikin ginshiƙi. A layin da aka rubuta A/TM za ka ga lambar giya: wadda ta ƙare da E ta mai jan gaba ce, wadda ta ƙare da F ta AWD ce, misali U151E da U151F. Lambar samfurin motar ma na faɗa: GSU40 Highlander ce mai jan gaba, GSU45 mai AWD, MCU33 da MCU38 haka suke a RX330, GGL10 da GGL15 a RX350. Riƙe wannan lambar, domin ranar da za ka nemi giya a Ƙofar Ruwa ko Panteka ko Ladipo, ita za a tambaye ka, kuma ta F ba ta shiga wurin ta E haka kawai.

Daga nan a hau rami ko a ɗaga motar. Abu uku za ka nema: taransfa, ƙaramar giyar da ke manne da babbar giya a gaba; farfela, dogon bututun ƙarfe da ya taso daga taransfa ya nufi baya; da tukunyar aksul ta baya wadda shaf biyu suka fita daga cikinta zuwa tayoyi. A motocin da aka hau a nan gida, ba abin mamaki ba ne ka tarar babu farfela. Ta fara ƙara, makanike ya kwance ta ya ajiye, mai motar ya ci gaba da tafiya. Wasu ma an sa musu giyar mai jan gaba gaba ɗaya, tukunyar baya na rataye ba aikin komai. Irin wannan mota mai jan gaba ce da ke ɗauke da nauyin banza, kada ka biya kuɗin AWD a kanta. A masu jan huɗu koyaushe, irin RX300, cire farfela ya fi muni, domin ko dai na'urar tsakiya ta yi ta shan wahala har ta ƙone, ko kuma an yi mata walda don motar ta iya motsi. Togaciya ɗaya: Highlander da RX masu haɗin lantarki, irin RX400h da RX450h, ba su da farfela tun daga kamfani, injin lantarki ne daban ke juya tayoyin baya.

In komai na nan, kama farfelar da hannu biyu ka murɗa ta hagu da dama, ka girgiza ta sama da ƙasa. 'Yar motsi kaɗan ba laifi, amma ƙwas-ƙwas a mahaɗarta ko roba da ta yage a boris ɗin tsakiya alama ce ta kashe kuɗi, kuma a motoci da yawa ba a canza mahaɗar ita kaɗai, sai dai farfelar sukutum. Duba robobin shaf huɗu na baya ko sun tsage sun watsar da giris. Duba jikin taransfa da tukunyar baya ko akwai jiƙar mai. Wannan yoyon ba ƙaramin abu ba ne, saboda a yawancin ƙananan AWD man da ke cikin kowannensu bai kai lita ɗaya ba. A RAV4 kusan rabin lita ne. A Ford Edge ma kusan rabin lita ne, kuma taransfar na zaune kusa da salansa inda zafi ke dafa man. Ɗigo kaɗan na wata shida ya isa ya busar da ita. Kana ƙarƙashin, ɗauki sukundireba ka caccaki gadon da ke riƙe da ƙafafun baya da bututun burki. Jan tsatsa na sama-sama ba komai. Ƙarfen da ke ɓarewa falle-falle, ko sabon baƙin fenti mai kauri da aka fesa a ƙasan tsohuwar mota, dalili ne na barin ta.

Ka roƙi a kwance notin ɗura mai na tukunyar baya, na sama, ka tura yatsa. Man ya kamata ya kai bakin ramin. In ya fito ruwan zuma ko ya ɗan yi duhu, lafiya. In baƙi ne ƙirin yana warin ƙuna, an daɗe ba a kula ba. In ya yi kalar shayi da madara, ruwa ya shiga ta hancin numfashinta, wato motar ta yi iyo a wani wuri.

Sai gwajin tuƙi, kuma a kashe rediyo da esi. Murɗa makulli ba tare da ka tayar ba, ka ga fitilar AWD ko 4WD ta kama tare da sauran, sannan ta mutu bayan inji ya tashi. Wadda ba ta kama ba sam, wataƙila cire ƙwan aka yi. A Toyota da yawa, fitilar inji na kamawa tare da ta VSC, na'urar hana sulɓi, da ta 4WD a lokaci ɗaya, kuma sau da yawa laifin daga inji ne, kamar na'urar auna hayaƙi, sai kwamfuta ta kashe AWD ɗin don kariya. Na'urar sikanin ce za ta raba gardama, kada ka karɓi "ƙaramin abu ne" da baki.

Nemi fili mai kwalta ko siminti, ka karya sitiyari har ƙarshe, ka zagaya a hankali sau uku hagu, sau uku dama, sannan da ribas. Motar ta tafi sumul. In tana turjewa kamar an riƙe burki, ko tayar baya na tsalle, ko kana jin gurnani, na'urar tsakiya na kamewa. A CR-V wannan gurnanin sau da yawa tsohon mai ne kawai, canza shi sau ɗaya ko biyu na kashe shi. A wasu kuwa sai an canza na'urar. Taka burki ka sauya daga D zuwa R: ƙara mai ƙarfi daga ƙasa na nuna sassauci a farfela ko robobin da ke riƙe da tukunya. A kan titi, kai ta 60 zuwa 100. Kukan da ke canzawa in ka ɗaga ƙafa daga totur na tukunyar aksul ne ko taransfa. Wanda ke canzawa in ka ɗan karkata sitiyari hagu ko dama boris ɗin taya ne, wannan mai sauƙi ne. Karkarwar da kake ji a ƙarƙashin kujera, ba a sitiyari ba, farfela ce. A ƙarshe tsaya a kan yashi ko tsakuwa, wani ya tsaya a gefe nesa kaɗan, ka taka totur da ɗan ƙarfi. In na gaba sun yi ta tono ƙasa na baya ko motsi, AWD ɗin suna ne kawai.

Ga Hilux da ire-irenta masu 2H (jan taya biyu), 4H (jan taya huɗu) da 4L, a gwada su a kan ƙasa, ba a kwalta ba. Ba su da abin da ke raba gudu tsakanin gaba da baya, don haka tafiya da 4H a busasshiyar kwalta na ɗaure ƙarafan har wani abu ya karye. Shiga 4L sai an tsaya cak an sa giya a furi. Wadda aka shekara ba a taɓa sa mata fowil ba, injin da ke shigar da shi kan maƙale, don haka ka ga ta shiga ta kuma fita da idonka.

Bayan ka saya

Ranar da za ka yi juyen baƙin mai na farko, a juye na taransfa da na tukunyar baya, domin da wuya ka samu wanda ya taɓa canza su. A fara kwance notin sama kafin na ƙasa. In ka tsiyaye mai sannan na sama ya ƙi kwancewa, ka zauna. Notin ƙasa na da mayen ƙarfe: laushin baƙin gari a jikinsa ba komai, ɓarɓashin ƙarfe mai ƙyalli kuwa haƙoran giya ne ke ci. Toyota da Lexus man giya mai lamba GL-5 suke sha, 80W-90 ko 75W-85 gwargwadon shekarar motar. Honda ba haka ba ce: tukunyar bayan CR-V na son Dual Pump Fluid II, ta Pilot na son man VTM-4, kuma zuba musu man giya na gama-gari lalata kulocin ciki yake yi. Da ƙurarmu da zafinmu, duk kilomita 40,000 ya dace a sake, ko nan take in motar ta ratsa ruwan da ya kai tsakiyar taya.

In ta lalace a hanya, kada ka bari janwe ya ɗaga gaba ya ja ta da tayoyin baya a ƙasa. Tayoyin baya za su yi ta juya na'urar tsakiya alhali na gaba na tsaye, kilomita kaɗan sun isa su ƙona ta. A ɗora ta gaba ɗaya a bayan motar ɗaukar mota, in kuma babu irin wannan a kusa, a kwance farfela tukuna, a yi wa mahaɗar alama da fenti ko alli don a mayar da ita daidai yadda take.